Kwafi Marar Tarihi

Ranar Litinin da safe malaman cibiyar koyar da sana'a suka buɗe wikinsu, wato shafin intanet ɗin da suke rubuta darussansu a ciki, suka tarar wayam. Babu darasin ɗinki, babu na walda, babu na gyaran waya, babu na haɗa sabulu. Duk abin da suka yi shekaru suna rubutawa suna gyarawa ya tafi, sai wani gajeren saƙo a kan farin allo yana cewa ba a ga rumbun bayanai ba. A ɗakin kwamfuta kuma an ɓalle kwaɗon kabad. Kwalin faifan ajiya yana nan, faifan babu.

Sawu tana shagonta ta kwance bayan wata kwamfuta tana hure mata ƙura, sai ga kiran ƙanwarta Auta, wadda ke koyar da ɗinki a cibiyar.

"Yaya, don Allah ki ajiye duk abin da kike yi ki zo. An kashe mu."

"Wanda aka kashe ba ya waya. Me ya faru?"

Auta ta zayyana mata, rabi magana rabi kuka. Sawu ta rufe shago ta tari mota.

Ta yi shekaru a sashen 'yan sanda masu bin diddigin wayoyin sata kafin gwiwa ta sa ta ajiye aiki, kuma a can ta samo sunan Sawu. Abin da aikin ya koya mata ɗaya ne: mutum ba ya taɓa na'ura bai bar alama ba, kuma wanda ya tsaya share alama yakan bar ta tsintsiyar.

Ta tarar da malamai sun yi cirko-cirko a baranda. Kafin ta kai ƙofar ofis ta ji hukuncin da aka riga aka yanke daga baki uku.

"Malamar Sabulu ce, ko tantama babu."

*

Shugaban cibiyar dattijo ne mai furfura, ya cire tabarau yana murza ido kamar wanda bai yi barci ba. Mataimakinsa yana tsaye a gefensa, riga a goge, jan biro a aljihun gaba.

"Ranka ya daɗe, fara mini daga farko," in ji Sawu. "Me ya sa kowa ke kiran matar nan?"

Shugaba ya nisa. Ya ce makonnin baya wata ɗaliba a ajin sabulu ta riga malamarta shiga ɗakin gwaji. Ɗoki ya ɗebe ta, ta buɗe darasin a wayarta ta bi shi layi-layi. Shafin ya ce a zuba ruwa a kan soda. Ta zuba, sodar ta tafasa ta yi tsalle, ta ƙone ta daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu.

"Ashe sodar ake zubawa a cikin ruwa, a hankali," in ji shi. "Wannan ko ɗan koyo na mako guda ya sani. Shafin na Malamar Sabulu ne, darasin nata ne. Ta rantse ba haka ta rubuta ba, amma dole na dakatar da ita. Gobe kwamitin hukuma zai zo. Sun yi waya sun ce za su duba tarihin shafin, tunda wai wikin yana riƙe duk gyaran da aka yi da sunan wanda ya yi shi. Na faɗa wa malamai ranar Juma'a, na ce kada wanda ya taɓa komai sai kwamiti ya zo. Yau ga abin da muka wayi gari da shi."

"Kafin nan ba wanda ya duba tarihin?"

"Malamin kwamfutarmu yana hutun aure lokacin. Mu kuwa sanin shanu muka yi wa abin. Mataimaki ne ma ya taimaka ya gyara layin washegari, don kada wani ya sake faɗawa."

"Kuma maigadi ya gan ta Juma'a da yamma," Mataimaki ya sa baki. "Mutumin da aka dakatar, me ya kawo shi? Ni dai ba na son zato. Amma Hajiya, faifan nan shi ne abin nema. Kina ganin za a same shi?"

"In Allah ya yarda."

"Duk wanda aka samu da shi, a kawo shi ofishina kai tsaye, kada ya yi ta yawo hannu-hannu."

Sawu ta ce to.

*

Ɗakin kwamfuta ƙarami ne, fanka ɗaya, tebura a jere, babbar kwamfutar da wikin ke zaune a cikinta tana ƙarƙashin teburin malami. Malamin, wanda har yanzu kowa ke kira Ango, yana tsaye yana goge gumi alhali fankar na kansa.

Sawu ta fara da kabad. An sa sukudireba an banƙare marfin, fenti ya kankare a wuri uku, aikin wanda bai saba ba. Ta ɗauki kwalin faifan ta juya shi. Ƙura ta kwanta a kansa, har cikin ramin da faifan ke zama. Ta shafa da yatsa ta duba, ta mayar da shi.

"Wa ke da kalmar sirrin babbar kwamfuta?"

"Ni kaɗai, Anti."

Ta ɗaga kibod. Ga 'yar takarda an manna da salatif, kalmar a rubuce ɓaro-ɓaro.

"Kai kaɗai da duk mai hannu biyu."

Ango ya sunkuyar da kai. Ta zauna ta yi 'yan danne-danne. An share rumbun ne Juma'a bayan an tashi, an kuma share shi da gaske, ba abin da za a tono.

"Yaya kake yin kwafin ajiya?"

"Nakan fitar da duk shafukan zuwa fayil ɗin XML, da tarihinsu gaba ɗaya, in zuba a faifan. Kowane mako." Ya sake goge gumi. "Kusan kowane mako."

"Yaushe rabonka da ganin faifan?"

"Juma'a... ko Alhamis. Yana nan dai."

Idonsa yana kan ƙofa. Sawu ta san wannan kallon, ta sha ganinsa a fuskar masu sayen wayar sata. Yaron nan yana ɓoye wani abu. Sai dai ba kowane mai ɓoye-ɓoye ne ɓarawon da ake nema ba. Ta ƙyale shi ya dahu tukuna.

*

Gidan Malamar Sabulu ba nisa, Auta ta raka ta. Suka same ta a tsakar gida tana yanka sabulu da zare a kan katako, ta rame, idonta ya faɗa. Ta shimfiɗa musu tabarma ta kawo ruwa.

"Na san abin da ya kawo ku," in ji ta. "An ce ni ce."

"An ce an gan ki Juma'a."

"Na je. Makullin sito yana hannuna tun da aka dakatar da ni, ga buhun soda a ciki. Na kasa barci da tunanin wani zai nemi shiga ya ɓalle ƙofa, ko damina ta shiga ta same shi. Na kai makullin. Shugaba ya tafi, sai na ba Mataimaki, na juyo."

"A ina kika same shi?"

"A baranda, wajen ɗakin kwamfuta. Shi ai kullum shi ne ƙarshen fita."

Sawu ta kurɓi ruwa. "Malama, kin san kwamiti zai duba tarihin shafin?"

"Auta ce ta yi mini waya ta faɗa mini." Ta dubi Sawu. "Hajiya, tun da abin nan ya faru ban yi farin ciki irin na ranar ba. Shi kaɗai ne shaidata. Ni zan kashe shaidata da hannuna? Da manyan baƙaƙe na rubuta, kada a kuskura a zuba ruwa a kan soda. Sau biyu na rubuta. Dubi nan." Ta janye hannun riga ta nuna wani tsohon tabo. "Wadda soda ta yi wa wannan ba ta manta wanne ake zubawa a kan wanne."

A hanya Auta ta ce, "Yaya, kin yarda da ita?"

"Ban yarda da kowa ba tukuna. Amma ban taɓa ganin mai ƙishi ya fasa randa ba."

*

Tun daga ƙofar cibiyar suka jiyo shewa. Malamai sun cika ofis, malamin walda yana ta girgiza hannun Mataimaki kamar zai cire shi.

"Hajiya, Allah ya kawo sauƙi!" in ji Shugaba, fuskarsa ta washe. "Ashe Mataimaki yana da kwafi!"

Mataimaki ya ɗaga wani ɗan filash, yana murmushin kunya. Ya ce tun watan jiya ya fitar da shafukan, lokacin da yake son a buga darussan a takarda, Ango ne ma ya taɓa nuna masa yadda ake yi. Ruɗewar safe ce ta mantar da shi, sai yanzu da ya buɗe jakarsa.

Auta ta daka tsalle ta rungume yayarta. Ita ma Sawu ta ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗarta. Ko me ya faru, wahalar mutanen nan ba ta tafi a banza ba.

"A ba ni in mayar yanzu-yanzu," in ji Ango.

"Dakata," in ji Sawu. "Abin da aka tsinta a kan wanke shi kafin a sa a baki. Bari in duba ko da cuta a ciki."

Ta karɓi filash ɗin ta koma ɗakin kwamfuta, Auta na biye da ita. Ta buɗe fayil ɗin a tata kwamfutar. Rubutu ne zalla, kowane shafi da sunansa, sannan abin da ke cikinsa, da ranar gyara, da sunan mai gyaran. Ta yi ta gangarawa. Shafukan duk suna nan, lafiya lau. Amma kowanne gyara ɗaya tak gare shi, na ƙarshe. Wajen fitarwa akwai ɗan akwatin da ake dannawa in ana son sabon rubutu kawai ba tare da tarihi ba, kuma an danna shi. Wannan kaɗai ba laifi ba ne. Mai son buga littafi ba ruwansa da tarihi.

Sai ta sa kwamfutar ta jero mata ranakun, na baya-bayan nan a sama. Ta kalli layin farko ta daɗe.

"Auta, zo. Wannan darasin saka zif a siket, yaushe kika rubuta shi?"

Auta ta leƙo. "Laa, har da shi? Alhamdu lillahi! Juma'ar nan ce, bayan taro. Baban su Nana ya makara bai zo ɗaukata ba, na zauna na rubuta don kada in yi ta hamma."

"Juma'ar nan da ta wuce? Kin tabbata?"

"Yaya, ni da na rubuta?" Murnar ta fara zagwanyewa daga fuskarta. "Amma ya ce tun watan jiya..."

"Rufe bakinki. Je ki kira mini Ango, ki tsaya a waje."

*

Ango ya shigo. Sawu ta tura ƙofa ta nuna masa kujera, ta ajiye kwalin faifan a gabansa.

"Shafa cikinsa."

Ya shafa. Ƙura ta maƙale a yatsansa.

"Abin da aka ɗauke Juma'a ba ya barin ƙura haka a gurbinsa. Faifan nan ya daɗe da barin kwalin. Wanda ya ɓalle kabad ɗin iska ya tarar. Ango, ni ba uwarka ba ce, amma na isa in haife ka. Ina faifan?"

Ya rufe fuska da tafin hannu. "Anti, don girman Allah ki rufa mini asiri. Yana gida. Mai hoton bikinmu ne ya ce in kawo abin da zai zuba mana bidiyo, ni kuma ba ni da wani. Na ce kwana biyu zan mayar. Amarya kullum sai ta kalla, in na ce zan ɗauka sai ta ɓata rai. Da na ga an ɓalle kabad na ce shi ke nan, in na yi magana za a ce ni ne."

"Kwafin da ke ciki fa? Ka share don bidiyon ya samu wuri?"

"Wallahi ban taɓa ba. Yana nan. Na yi shi ana gobe zan tafi hutu."

"Da tarihi?"

"Da komai."

Sawu ta jingina da kujera, dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke zuwa bayan an daɗe da riƙe numfashi.

"Tashi ka hau babur. Ka gaishe mini da amarya, ka ce mata ta yi wa cibiyar nan aikin da kwaɗo bai yi ba. In ka dawo ka kawo mini nan. Kada ka biya ta ofishin kowa."

*

Bayan azahar Shugaba ya tara kowa a ɗakin malamai bisa roƙon Sawu. An aika an kira Malamar Sabulu, ta zauna can kusa da ƙofa ita kaɗai, kujerun gefenta babu kowa. An haɗa na'urar haska bango.

"Zan fara da albishir," in ji Sawu. "Darussanku duk suna nan. Ba wanda ya rasa ko layi ɗaya."

Aka yi hamdala, wasu har da tafi.

"Saura tambaya. Malam Mataimaki, ka ce yaushe ka fitar da kwafin nan?"

"Watan jiya. Wajen tsakiyarsa."

"Ba ka sake yin wani ba?"

"Me zai sa?"

Ta haska shafin zif a bango, ranar da lokacin suna sama. "Auta ta rubuta wannan Juma'ar da ta wuce, bayan taron da aka ce kwamiti zai duba tarihi. Yaya aka yi kwafin watan jiya ya ɗauko darasin da ba a haifa ba sai shekaranjiya waccan?"

Mataimaki ya gyara zama.

"To, wataƙila na rikita ranar. Ko na sabunta shi na manta. Mutum ajizi ne."

"Haka ne. Sai dai tsakanin rubutun Auta da share rumbun ko awa ba a yi ba. Wanda ya kwashe kayan ɗaki ya kai waje, sannan wuta ta tashi, ana iya cewa sa'a ce. Amma akan tambaye shi yadda ya san da wutar. Wanda ya yi aikin nan ba ya son darussan su ɓace, yana ƙaunar cibiyar nan. Abu ɗaya yake so ya ɓace, shi ne tarihi. Ya fitar da shafukan ba tarihi, ya share rumbun, ya ɓalle kabad don ya ɗauke tsohon kwafi. Da ya same shi, da yau an mayar da wiki, kowa ya yi murna, gobe kwamiti ya zo ya tarar kowane shafi kamar yau aka haife shi."

"Wannan zato ne, Hajiya," in ji Mataimaki. "Ba ki da faifan."

Ta buɗe jakarta ta ɗora shi a kan tebur. Akwai 'yar sitika mai siffar zuciya a jikinsa, aikin amarya. Ango ya dubi silin.

"Ɓarawo bai same shi ba, don ya tafi biki," in ji ta. "Wannan maganar Shugaba da Ango ce, su yi ta daga baya. Ga tarihin shafin sabulu."

Ta haska rubutun farko. Sunan Malamar Sabulu a sama, ƙasa kuma ga layin: a zuba soda a cikin ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa. Sai gargaɗin da manyan baƙaƙe, sau biyu, kamar yadda ta faɗa. Daga bakin ƙofa aka ji wani sauti kamar an shaƙe mutum. Malamar Sabulu ta toshe baki da gefen mayafi.

Sawu ta gangara zuwa gyara na gaba. An taƙaita layin: a zuba ruwa a kan soda a juya. An cire gargaɗin duka biyun. A gurbin bayanin gyara an rubuta, an gyara salo, an cire maimaici. Sunan Mataimaki yana kai.



Mataimaki ya zaro jan biron daga aljihunsa ya ajiye a kan tebur, kamar ya yi masa nauyi.

"Na bi shafuka da yawa a lokacin," ya ce a hankali. "Ina so in an buga su a ga Hausa mai kyau. Na ga jimlar ta yi tsawo. Wallahi ban san akwai bambanci ba, na ɗauka ruwa da soda ko ta ina aka haɗa su ɗaya ne. Ranar da yarinyar ta ƙone, da na buɗe shafin na gane jimlata. Na yi niyyar faɗa. Na zo har ƙofar ofishinka, ranka ya daɗe, na ji kana yi wa Malama faɗa, sai ƙafata ta ƙi shiga. Washegari ta fi wuya. Daga nan kullum sai ta ƙara wuya."

"Ka zauna kusa da ni na sa hannu a takardar dakatar da ita," in ji Shugaba. "Kai ka gyara mini rubutun takardar."



Shugaba ya tashi, ya taka har bakin ƙofa inda Malamar Sabulu take, ya tsaya a gabanta. "Malama, na zalunce ki. Kin faɗa mini gaskiya ban saurara ba. Ki yafe mini."

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. Auta ta je ta zauna a kujerar gefenta ta riƙe mata hannu. Malamin walda, wanda da safe ya fi kowa ɗaga murya, ya matso yana sosa ƙeya yana cewa shi dama bai taɓa yarda ba. Aka yi masa caa, har Malamar Sabulu ta yi dariya cikin kuka.

*

Mayar da wikin bai ɗauki lokaci ba. Sawu ta sa Ango ya fara zuba tsohon kwafin mai tarihi, sannan ya ɗora na Mataimaki a kai don a samu sababbin darussa. Malamai suka tsaya a bayansa suna kallon shafuka na dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ga nasa sai ya yi kabbara. Abin da aka rasa kawai tarihin 'yan makonnin tsakani ne, kuma ba wanda ya yi kukansa.

Kafin ta tashi ta sa kwamfutar ta riƙa fitar da kwafi da kanta kowace yamma, ɗaya a faifan, ɗaya a wata ma'ajiya ta intanet da Shugaba kaɗai ke da kalmarta. Ta ɓare takardar ƙarƙashin kibod ta miƙa wa Ango.

"Ka sayi naka faifan. Kuma kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi ba, ba kwafi ba ne, fata ne kawai. Ka riƙa gwadawa."

"In sha Allahu, Anti."

Shugaba ya ce maganar Mataimaki ta kwamiti ce, gobe Mataimakin zai faɗa musu da bakinsa. Sawu ta rataya jaka za ta fita, sai Malamar Sabulu ta tare ta a baranda.

"Hajiya, wata alfarma. Tun da abin ya faru ban ga ɗalibar nan ba. Na je sau ɗaya, mahaifiyarta ta ce ba ta nan, ina jin muryarta a ɗaki. Ki raka ni. Ke za a saurare ki."

"Ba ni ya kamata a saurara ba," in ji Sawu. Ta leƙa ɗakin malamai. Mataimaki yana nan inda aka bar shi, shi kaɗai. "Malam, za mu gidan yarinyar. Ba dole."

Ya miƙe ya biyo su.

Mahaifiyar ce ta buɗe ƙofa. Da ta ga Malamar Sabulu fuskarta ta haɗe, ta kama marfin za ta mayar. Mataimaki ya matso gaba, ya durƙusa a bakin ƙofar da gogaggen wandonsa.

"Baba, ni ne. Ni na canza rubutun. Wannan baiwar Allah daidai ta rubuta."

Ya faɗi komai, bai rage ba. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta dube shi, ta dubi Malamar Sabulu.

"Kai, tsakaninka da Allah da hukuma," ta ce. "Tashi, kada maƙwabta su taru." Sannan ta kama hannun Malamar Sabulu. "Ke kuma shigo, 'yar nan. Na yi miki rashin kunya a banza."

Ɗalibar tana zaune a bakin gado, an cire bandejin hannunta, sabuwar fata ta fito ja-ja. Likita ya ce yatsun duk lafiya, tabo ne kawai zai rage. Da ta ga malamarta ta yunƙura za ta tashi, Malamar Sabulu ta riga ta, ta zauna kusa da ita ta ɗauki hannun a hankali tana dubawa, tana hawaye.

"Malama, ki daina kuka mana," in ji ɗalibar. "Ni tambayata ɗaya. An wuce darasin?"

"Wane darasi?"

"Na sabulun. Har yanzu fa ban iya ba."

Malamar Sabulu ta share ido da bayan hannu. "Ba a wuce ba. Ranar da likita ya sallame ki, ni da ke za mu haɗa. Amma in kika sake riga ni shiga ɗakin nan, sai na saɓa miki."

Sawu tana bakin ƙofa, ta ji gwiwarta ta fara yi mata magana. Ta nemi kujera ta zauna, ta karɓi ruwan da tsohuwar ta miƙo mata, ta shanye tas.